Yadda Za a Tsara Hayar Masaukin Baƙi a Argungu Lokacin Bikin Kamun Kifi

Da zarar gwamnatin Jihar Kebbi ta sa ranar bikin kamun kifi, sai Argungu ta shiga wani lissafi da ba ya cikin jadawalin biki: ina mutanen nan za su kwana? Bikin na kwana huɗu ne, tsakanin Fabrairu da Maris. Asalinsa ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo a 1934, wadda ta rufe babin gabar Kabi da Sakkwato, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke alfahari da su. Otal ɗin da ke garin ba sa ɗaukar jama'ar da ke zuwa. Manyan baƙi kan kwana Birnin Kebbi ko Sakkwato su yi sammako. Masunta da 'yan kasuwa da makaɗa da direbobi da 'yan jarida kuwa, gidajen mutane suke sauka: wani ya kama ciki da falo, wani gida sukutum, wani tabarma a zaure.

Saukar baƙo a karɓi kuɗi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, tun zamanin fatake da gidajen fatoma. Sai dai fatoma ya san baƙonsa, ya san ubansa, ya san abin da ya kawo. Yanzu a WhatsApp ake gama ciniki, a tura kuɗi ta waya, mai gida da baƙo ba su taɓa ganin juna ba. Wannan bayani na kansiloli ne da ma'aikatan ƙaramar hukuma da masu unguwanni da masu gidaje. Zai yi wa Zuru amfani a lokacin bikin Uhola, da Yauri a lokacin bikin Rigata.

A fara sanin ciwon da ake nema wa magani

Biranen da suka shahara da rigimar ba baƙi hayar gidaje ta kwanaki ciwonsu daban ne. A Landan, tun 2015, gida ba ya wuce dare 90 a shekara a hayar kwanaki sai da izini na musamman. Amsterdam ta rage nata zuwa dare 30 a 2019. A Satumbar 2023 birnin New York ya fara tilasta rajista, ya ce sai mai gida yana ciki, baƙi kuma kada su wuce biyu. Basalona ta sanar a 2024 cewa za ta soke lasisin gidajen 'yan yawon buɗe ido kimanin 10,000 zuwa 2028. Dukkansu abu ɗaya ke damunsu: baƙi na zuwa duk shekara, masu gidaje sun daina ba 'yan gari haya.

Wanda ya kwaso dokar dare 90 ya kawo Argungu ya yi aikin banza, domin babu gidan da zai cika dare 90. Nan ambaliyar baƙi ce ta mako guda. Abin da ya fi kama da ita shi ne masaukin alhazai a Makka, inda ake ba gini izini na lokacin aikin Hajji bayan an duba shi, a rubuta adadin mutanen da zai ɗauka. Wannan salon za a bi: izini na lokacin biki kaɗai, mai arha, a ba da shi da wuri, bayan an shiga gidan an gani da ido. Tara kuɗin shiga shi ne na ƙarshe a lissafi. Ranar da aka sa shi a gaba, masu gidaje za su ɓuya, baƙi kuma su ci gaba da kwana a gidajen da babu wanda ya duba.

Mataki na farko: wa ke da hurumi

A Yulin 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar gwamnatin tarayya da Jihar Legas cewa rajistar otal da ba su lasisi hurumin jihohi ne. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ba ƙananan hukumomi sa wa gidaje lamba, kwashe shara, ƙiyasta harajin gidaje da kula da wuraren sayar da abinci. Ke nan ƙaramar hukumar Argungu na da abin kamawa ta fuskar tsabta da lamba, amma kafin ta kira takardarta lasisi, sai ta zauna da ma'aikatar jiha mai kula da al'adu da yawon buɗe ido da ma'aikatar shari'a. In ba a yi haka ba, mai gida ɗaya zai ga masu rasit biyu a ƙofarsa.

A kafa kwamitin da zai riƙe aikin, kada ya wuce mutum tara: wakilin shugaban ƙaramar hukuma, wakilin masarauta, shugaban duba-gari, jami'in kwana-kwana, wakilin 'yan sanda, malami masanin fikihun ciniki, wakilin masu gidaje, wakilin dillalai, da mace ɗaya aƙalla. Macen ba ta cika gurbi ba ce. Akwai sassan gida da namiji ba zai shiga ba, kuma gidaje da yawa mata ke riƙe da makullansu.

Hanyoyi biyu ne. In akwai lokaci, a kai daftarin dokar ƙaramar hukuma gaban majalisar kansiloli, a yi karatu, shugaba ya sa hannu, a buga. In lokaci ya ƙure, a yi yarjejeniyar ganin dama, wanda ya shiga a sa gidansa cikin jerin amintattun masaukai da za a raba wa baƙi. A sani dai: yarjejeniya ba ta ba kowa ikon cin tara. Tara sai da doka.

Ya kamata dokar ta fayyace abin da take nufi cikin layi ɗaya: ba da ɗaki ko gida ko wurin kwana don kuɗi, na ƙasa da dare 30. Wanda ya sauki ɗan'uwansa ko abokin mahaifinsa kyauta, babu ruwan kowa da shi. A faɗi wannan a masallatai da babbar murya, don kada a ce an sa wa saukar baƙo haraji. Sannan a kasa masaukan uku: ɗaki a gidan da mai shi ke ciki da iyalinsa, gidan da aka bayar gaba ɗaya, da wurin kwanan taro, wato zaure, shago, rumfa ko fili mai katanga. Na ukun ya fi kowanne haɗari, shi ne kuma aka fi mantawa da shi.

Mataki na biyu: rajista

Ba a fafe gora ranar tafiya. A buɗe rajista mako takwas kafin biki, a rufe saura mako huɗu, a gama duba gidaje saura mako biyu. Makonni biyun ƙarshe na gyara ne da komawa dubawa.

Sanarwa ta sauko ta hanyar da aka saba, daga fada zuwa uban ƙasa da hakimai da masu unguwanni, a haɗa da rediyo da sanƙira. Fom ɗin shafi ɗaya, da Hausa. A rubuta sunan mai gida da lambar wayarsa, unguwa da kwatance, rukunin masauki, yawan ɗakuna da bayan gida, inda ruwa ke fitowa, ko akwai janareta, kuɗin dare ɗaya, da lambar asusun bankin da za a biya. Akwai tambayoyi biyu da ba a tsallakewa: akwai ɗan haya a gidan yanzu? Wa za a kira in wani abu ya faru da dare? Wanda za a kira ɗin ya zama mai kwana cikin gari, wanda zai iso cikin minti 30. Mai gida yana Abuja, wayarsa a kashe, famfo ya fashe ƙarfe biyun dare, wannan shi ne yawancin ƙarar da ke zuwa daga gidajen rukuni na biyu.

Mai unguwa ya sa hannu cewa gidan na mutumin ne ko yana da izinin masu shi. A nan ake tare rigimar gidan gado, inda ɗaya daga cikin magada ke karɓar kuɗi sauran ba su sani ba. In gidan gado ne da ba a raba ba, a nemi sa hannun babban cikinsu da shaidu biyu.

Kuɗin rajista ya zama ƙayyadadde ga kowane rukuni, kada ya kai kuɗin dare ɗaya na ɗaki ɗaya. A biya a asusun banki ko ta POS, a ba da rasit mai lamba. Ma'aikacin da ya karɓi tsabar kuɗi a ƙofar gida ya karya doka. Daga kuɗin nan za a biya man babur da alawus na masu dubawa, domin mai dubawa da ya fito ba ko sisi a aljihu, a hannun mai gida zai nema.

Mataki na uku: shiga gida a duba

Nan aikin yake. Ayarin mutum uku ya isa: duba-gari, ɗan kwana-kwana ko mai gyaran wuta da aka yarda da shi, da mace. Su riƙe tef na awo, tocila, abin gwada wuta da alli. Ayari ɗaya zai iya gida 12 zuwa 15 a yini in ba a tsaya shan fura ba, don haka a raba yawan gidajen da kwanakin da ake da su a san ayari nawa ake bukata.

A fara da awon ɗaki. Ɗakin ƙafa 12 da 12 murabba'in mita 13 ne da 'yan kai. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke bi a sansanin 'yan gudun hijira murabba'in mita 3.5 ne ga mutum ɗaya. Wanda ya biya kuɗinsa bai kamata ya samu ƙasa da ɗan gudun hijira ba, saboda haka ɗakin nan na mutum uku ne. A rubuta 3 da alli a saman ƙofa, a rubuta a takardar izini. Mai gida zai yi gardama, kuma yadda aka amsa masa shi ke sa ya yarda ko ya ƙi. Ba a cewa dattijo doka ce kawai. A ce masa: "Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, lokacin sanƙarau ne. Mutum bakwai a ɗakin nan da taga ɗaya, in ɗaya ya zo da ita, gidanka za a riƙa nunawa. A share wancan ɗakin na kusa da rumbu mu ƙara maka uku." Maganar sanƙarau ba tsoratarwa ba ce. Watannin biki su ne na ƙura da shigowar zafi, kuma a farkon 2025 cutar ta ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero. Kowane ɗaki ya kasance da taga mai buɗuwa, faɗinta ya kai kashi ɗaya cikin goma na daɓen ɗakin. Shagon da ba shi da taga, ƙofar ƙarfe kaɗai, ba a ba shi izinin kwana ko da mutum ɗaya. A tambayi gidan sauro kuma, garin bakin fadama ne.

Sai bayan gida. A sansanin gudun hijira ɗaya ga mutum 20 ake ƙiyastawa. A masaukin kuɗi a tsaya kan ɗaya ga mutum 10, na baƙi daban da na iyali in da hali. A haska tocila cikin salga. In abin da ya rage tsakanin ƙazanta da baki bai kai rabin mita ba, a kwashe kafin biki. A taka daɓen a ji ko yana motsi, domin salgar da mutum shida ke shiga za ta ga mutum ashirin. A auna tazararta da rijiya: mita 30 ake so. Gidajen cikin gari da yawa ba za su cika wannan ba, kuma ba rushe su za a yi ba. A rubuta a takarda cewa ruwan rijiyar na wanka da wanki ne, na sha a kawo daga burtsatse ko a sayi na leda.

Lissafin ruwa mai sauƙi ne, amma kusan kowa na faɗuwa a kansa. Mutum ɗaya na bukatar aƙalla lita 50 a yini, sha da wanka da alwala da bayan gida. Baƙi 20 lita 1,000 ke nan, jarka 40 mai lita 25. Tankin lita 2,000 zai kai su kwana biyu, ba tare da an sa iyalin gida ba. Ranar kamun kifi 'yan garuwa ma suna bakin Matan Fada, kogin da ake kamun, suna kallo, wanda ya rage kuma ya ninka kuɗi. Sharaɗin izini: a cika ruwan kwana biyu kafin baƙo na farko ya shigo, kuma mai gida ya faɗi wanda zai sake cika masa.

Janareta shi ne abin da ke kisa cikin dare ɗaya. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi. Mutum zai ji ciwon kai da jiri da tashin zuciya, ya ɗauka gajiyar hanya ce, ya kwanta, shi ke nan. Dalilin da ake shigo da shi zaure ko lungun ɗakuna tsoron ɓarawo ne, kuma tsoron na da tushe a makon da gari ya cika. Don haka kada a tsaya ga cewa a fitar da shi, a nuna inda za a sa: fili buɗaɗɗe, aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa da taga, bakin salansa na kallon nesa da ɗakuna, a ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo ko a yi masa kejin ƙarfe. Gidan da tsakar gidansa ba ta kai wannan tazara ba, a rubuta masa "babu janareta", ya nemi sola da fanka mai caji. Ba a zuba mai yana aiki ko yana da zafi. Fetur kada ya wuce jarka ɗaya, a ajiye nesa da murhu da ɗakin kwana. A tabbatar akwai makunnin da ke raba wutar Nepa da ta janareta. Wanda ya soka wayar janareta kai tsaye a soket yana mayar da wuta kan layi, mai gyara a kan falwaya na iya mutuwa.

Wayoyin gida kuma an ja su ne don ƙwan lantarki da fanka. Baƙo zai zo da hita da dutsen guga, mai gida kuma ya sayo iyakwandishan don ya ƙara kuɗi. Iyakwandishan mai doki ɗaya da rabi na cin wajen wat 1,200, hitar ruwa 1,500 zuwa 2,000. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta ƙwan lantarki ce. Soket na son 2.5, iyakwandishan a ja masa mai 4 da makashinsa na daban. A duba soket mai baƙin tabo, waya da aka haɗa da leda, da fis ɗin da aka ɗaure da wayar ƙarfe. Tukunyar gas ta zauna waje ko a kicin mai iska, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo a ga ko zai yi kumfa. Kowane masauki ya tanadi bokitin yashi biyu, na rukuni na biyu da na uku su ƙara da tukunyar kashe gobara mai hoda, kilo 6, allurarta a kan kore.

Abu na ƙarshe ƙofa. Gidajen da tagoginsu duk ƙarfe ne, ƙofa ɗaya ce mafita. In mai gida ya kulle ta waje ya tafi da makulli, ya rufe mutane a akurki. Makulli ya kwana ciki, a rataye a wurin da kowa ya sani. A gidan da iyali ke ciki, mace mai dubawa ta ga ko baƙo zai iya zuwa ɗakinsa da bayan gida ba tare da ratsa sashen mata ba. In ba zai yiwu ba, a yi danga da zana, ko a rubuta cewa mata da iyali kaɗai za a saukar.

Wanda ya cika sharuɗɗa a manna masa takarda a ƙofar waje, mai lambar izini, adadin mutane, da wayar kwamiti. Lambar ta fara da harafin mazaɓa don a san inda gidan yake ko ba a duba littafi ba. Wanda ya gaza a ba shi jerin gyara a rubuce da kwana bakwai, a dawo kyauta sau ɗaya.

Mataki na huɗu: littafin baƙi

Kowane masauki ya ajiye littafi mai bango: suna, waya, garin da aka fito, irin katin shaida da aka gani, lambar mota, ranar shiga da ta fita. Masunta da yawa ba su yawo da kati, kuma su ne masu bikin. Kada a kore su. Shugaban ayarinsu ya ba da nasa, ya lissafa mutanensa, ya tsaya musu. Baƙon da ba ɗan Najeriya ba a rubuta lambar fasfo ko takardar tafiyarsa, domin ƙa'idojin shige da fice sun wajabta wa mai saukar baƙin waje don kuɗi ya riƙe rajistarsu.

Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar hoton katin mutane a zuba a zauren WhatsApp na masu gidaje. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba ta yarda da wannan ba, kuma da irin hotunan ake damfara. Littafi ya zauna a kulle. Abin da za a tura wa kwamiti kowane dare kafin ƙarfe 10 adadi ne kawai: lamba kaza, mutum kaza. Jami'in tsaron da ke son ganin sunaye ya zo da kansa, ya sa hannu cewa ya gani.

Sharuɗɗan gida a faɗe su kafin a karɓi kuɗi. Kebbi na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2000, kuma baƙon da ya taso daga Legas ko Turai ba lallai ya san abin da unguwa ba za ta lamunta ba. Giya, shigo da wanda ba a rubuta ba, kiɗa bayan ƙarfe 11, duk a rubuta da Hausa da Turanci a manna bayan ƙofa. A kuma sa a dokar cewa ƙorafi wurin kwamiti ake kai shi. Matasan unguwa ba su da hurumin faɗa wa ɗakin baƙo da dare.

Mataki na biyar: kuɗi, kafin alƙalami da dillalai

Kada kwamiti ya yanka farashi. Duk inda aka gwada, a takarda ake rubuta ɗaya, a karɓi wani a bayan fage, baƙo kuma ya rasa hujjar kai ƙara. Abin da ke aiki shi ne mai gida ya faɗi kuɗinsa da bakinsa a fom, a buga a jerin masaukai, ya zama ba zai ƙara ba bayan ya karɓi kafin alƙalami. Ragewa dai yana iya yi.

Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. A kan mayar da shi ake yawan faɗa, nan ne amfanin malamin kwamiti. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a nan, ba a yarda da kuɗin kamun da mai kaya zai cinye haka kawai in ciniki ya fasa ba. A zauna da malamai a tsara lafazin da ya halatta tun kafin a buga takarda, a fayyace abin da zai faru in baƙo ya fasa saura mako biyu, in ya fasa ana gobe, da in mai gida ne ya fasa. A ƙara sakin layi kan ɗage biki. Bikin nan ya taɓa yin kusan shekara goma ba a yi ba kafin ya dawo a Maris ɗin 2020, kuma ranar da aka sanar na iya motsawa. In hukuma ce ta ɗage, baƙo ya zaɓa: a mayar masa ko a riƙe masa zuwa sabuwar rana.

Kuɗin ajiya na ɓarna daban ne. Kafin miƙa makulli, mai gida da baƙo su zagaya tare ana ɗaukar bidiyo na minti biyu: katifa, fanka, famfo, gilashin taga, mita in ta kati ce. Ranar fita a sake zagayawa, a mayar da kuɗin nan take.

A ƙasashen waje hukuma kan matsa wa shafukan intanet na neman masauki irin su Airbnb da Booking.com su cire gidan da ba shi da lamba. A nan dillali ne ke wannan matsayi, shi da mai tallan Facebook. A yi musu rajista, a ba su kati mai hoto, a sa sharaɗi uku. Ba a tallan gida sai da lambar izininsa. La'ada ba ta wuce kashi 10 cikin 100, daga ɓangare ɗaya, bayan baƙo ya karɓi makulli. Kuɗin haya kuma asusun da ke kan izini yake shiga, ba na dillali ba. Wannan na ukun shi ke kashe cutar sayar da ɗaki ɗaya ga mutum uku. Mai gida shi ma ya kiyayi alat na bogi: saƙon waya ba kuɗi ba ne, ya buɗe asusunsa ya ga sun zauna.

Mataki na shida: 'yan haya da maƙwabta

Garin na da masu zaman haya na dindindin: malaman makaranta, ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, ma'aikatan kamfanin shinkafa na WACOT, 'yan bautar ƙasa. Kuɗin kwana huɗu na iya kai na watanni, kuma shaiɗan na raya wa wani mai gida ya ce wa ɗan haya ya ɗan matsa. Bisa dokokin haya da aka saba a jihohin Najeriya, mai hayar shekara notis ɗin wata shida yake ci, mai hayar wata kuma wata guda, fitarwa da ƙarfi kuwa sai kotu. A sa a dokar garin cewa ɗakin da ke da ɗan haya ba ya samun izini sai da yardarsa a rubuce gaban mai unguwa, da bayanin kason da zai samu. Ɗakin da aka kori mai shi cikin wata uku kafin biki ba ya samu sam. Haka ɗan haya ba ya ba da ɗakinsa ga baƙi sai mai gida ya sani.

Maƙwabci na dama da na hagu da na gaba a sanar da su saura mako guda, a ba su lambar wanda za a kira. Motoci kada su toshe lungu. A nemi filin makaranta ko na wani bawan Allah a sa mai gadi.

Kwanakin biki da bayansu

A buɗe teburin ƙorafi a sakatariya, waya biyu a layuka daban-daban domin sabis kan cushe in jama'a ta taru, mutum biyu a kowane zubi na awa takwas. A shiga unguwanni bayan isha'i, lokacin da ake tayar da janareta, ana zaɓar gidaje ba tare da sanarwa ba.

Hukunci ya bi daki-daki: gargaɗi a rubuce, tara, soke izini, hana izini a biki na gaba. Ba a garƙame gida da dare baƙi na ciki. Su za a hukunta, mai gida kuwa ya riga ya ci kuɗinsa. Abu uku ne ake gyarawa nan take ko ana ƙarfe ukun dare: janareta a rufaffen wuri, ƙofar da aka kulle ta waje, da ɗakin da aka ninka adadinsa. Saboda na ukun, kwamiti ya tanadi ajujuwa biyu ko uku a wata makaranta, da tabarmi da ruwa da mai gadi, inda za a kai waɗanda aka rage da waɗanda aka damfara.

Izini ya mutu kwana bakwai bayan rufe biki. Cikin kwanakin mai gida ya kai shararsa inda motar ƙaramar hukuma za ta kwashe, duba-gari su koma gidajen rukuni na uku su leƙa salga da magudana. Kwamiti ya manna lissafinsa a allon sakatariya: gida nawa aka yi wa rajista, nawa aka tara, ina aka kashe, ƙara nawa aka karɓa kuma a kan me. Littattafan baƙi a riƙe su wata shida saboda ko wata magana za ta taso, sannan a ƙona su gaban mai unguwa. Fom ɗin gidaje da awon ɗakuna kuwa a adana su a ofishin duba-gari, a kwafe a kwamfuta, domin a biki na gaba gidan da bai canza gini ba wuta da salga da ruwa kaɗai za a sake duba masa.